Amsa: Yawon dare a ƙafa a Luang Prabang

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya yawo a ƙafa da daddare a Luang Prabang ta ƙasar Laos hankali kwance. Sosai ma kuwa. Tsohon garin ɗan ƙarami ne, tsakanin kogin Mekong da na Nam Khan, mutanensa kuma ba su da hayaniya.

Ka fito wajen ƙarfe 5 na yamma, lokacin da ake hana motoci bin titin Sisavangvong a baje kasuwar dare. Za ka ga matan ƙabilar Hmong zaune a tabarmi ƙarƙashin rumfuna ja da shuɗi, gabansu mayafai saƙar hannu da fitilun takarda. Ba mai jan rigarka. In za ka taya, ka taya a hankali, ba sa son ɗaga murya.

Abinci kam sai ka lura, naman alade ya yi yawa a lungun masu gasa nama. Gara gasasshen kifi, ko 'yar wainar kwakwa da ake zubawa a ganyen ayaba, da zafinta ta fi daɗi.

Wajen ƙarfe 10 ake tattara kaya, kafin 12 gari ya yi tsit. Wasu wuraren a bakin Mekong ba fitila, ka riƙe tocila, ka shafa maganin sauro.