Tambaya da Amsa: Rigakafin Yara a Ƙasashe Matalauta da Waɗanda Yaƙi Ya Ɗaiɗaita

Tambaya daga wata uwa mai 'ya'ya huɗu: Assalamu alaikum. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ma'aikata suna bin mu har gida da ɗigon shan inna kyauta, sau da yawa a shekara, amma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi aka kai shi ƙaramin asibiti, sai a tarar babu magani, wani lokaci ma babu ma'aikaci. Me ya sa aka fifita cuta ɗaya a kan sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tambayarki tana kan hanya, kuma iyaye a Pakistan da Afghanistan sun daɗe suna yin irinta. Shan inna na cikin cututtuka ƙalilan da za a iya shafe su daga doron ƙasa, domin ƙwayarta ba ta da wurin yaɗuwa sai jikin ɗan Adam. An taɓa cin irin wannan nasara a kan agana, wadda aka sanar da ƙarewarta a 1980. Ganin haka ne ƙasashen duniya suka ƙuduri aniyar kawar da shan inna a 1988, lokacin da take shanye ƙafafun yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. A yau ainihin ƙwayar ta maƙale ne a Pakistan da Afghanistan kawai, kuma an tabbatar da kuɓutar Afirka daga gare ta ranar 25 ga Agustan 2020, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno. Masu ba da tallafi sun ware kuɗi musamman don wannan aiki, shi ya sa motar ɗigo take zuwa ko da ɗakin magani ya bushe.

Duk da haka, a ganina kuskure ne a bar gangami ya yi ƙiba asibiti yana ramewa. Rigakafin yau da kullum ba ya yiwuwa sai abubuwa da dama sun haɗu. Yawancin alluran suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa cinyar jariri, kuma ba zafi kaɗai ke ɓata su ba, domin allurar Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, tana lalacewa idan ta daskare. Ana buƙatar firji mai aiki, da ma'aikaciyar da aka horar kuma ake biyanta a kan kari, da rajistar da za ta nuna wanda ya zo da wanda ya ɓace. Waɗannan dai su ne abubuwan da za su yi wa ɗanki amfani ranar da zazzaɓi ya kama shi. Ƙyanda ta isa misali: sai kashi 95 cikin 100 na yara sun karɓi allura biyu kafin a iya tare ta, kuma babu gangamin da zai iya riƙe wannan adadi shekara da shekaru, tunda kullum ana haihuwar sababbin jarirai.

Ita ma shan innar ta nuna hakan. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma a wurin da yara da yawa ba su da kariya, tana iya yawo tsawon lokaci har ta sauya ta koma mai illa. Irin wannan ɓarkewa tana faruwa ne inda rigakafin yau da kullum ya yi rauni, kuma maganinta shi ne a ƙara yawan yaran da ake yi wa.

Kayan aikin gangami suna iya amfanar kowa idan aka so. Da Ebola ta shiga Legas a 2014, ma'aikata da dabarun sa ido na yaƙi da shan inna aka juya kanta, aka tsayar da ita bayan mutum 20 sun kamu. Sauran nauyin yana wuyan gwamnatoci. Ƙawancen Gavi, mai tallafa wa ƙasashe matalauta da kuɗin rigakafi, wanda aka kafa a 2000, ya taimaka wajen yi wa yara fiye da biliyan ɗaya rigakafi, amma tsarinsa shi ne ƙasa ta riƙa ƙara nata kason yayin da arzikinta ke ƙaruwa har ta tsaya da ƙafarta. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma kaɗan ne suka cika. A can ya kamata a kai wannan kuka, ba a mayar da mai ɗigo daga bakin ƙofa ba, domin yaron ne zai yi asara biyu.

Tambaya daga wani ɗalibin koyon aikin lafiya: Malam, ta yaya ake yi wa yara rigakafi a inda ake ɓarin wuta, alhali asibitoci sun rushe kuma ma'aikata sun gudu?

Amsa: Ɗana, nan ne tsakiyar matsalar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF sun nuna cewa a 2023 yara miliyan 14.5 ba su sami ko da allurar farko ba, kuma fiye da rabin yaran da ba a yi wa ba suna zaune ne a ƙasashen da ke fama da rikici ko raunin hukuma. Yaƙi yakan yanke wutar lantarki, ya toshe hanya, ya cusa dubban mutane a sansani ɗaya mai ƙarancin ruwa, cuta kuma ba ta jira. Siriya ta rabu da shan inna tun 1999, amma ta dawo mata a 2013 bayan yaƙi ya rusa aikin rigakafi.

Dabara mafi shahara ita ce tsagaita wuta domin yara. An fara ta a El Salvador a 1985, inda UNICEF da cocin Katolika suka shawo kan gwamnati da 'yan tawaye suka ajiye makamai na wasu kwanaki. An sake yin makamancin haka a Gaza a watan Satumban 2024, bayan an sami jariri ɗan wata goma da shan inna, na farko cikin shekara 25, aka ɗiga wa yara kusan 560,000 a zagayen farko. Akwai kuma tsayar da ma'aikata a kan iyakoki da tashoshi da ƙofar sansani, da amfani da firji mai aiki da hasken rana, da alluran da ke jure zafi, irin ta sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda take iya kwana huɗu a zafin da bai wuce digiri 40 ba.

Sai dai ka lura da iyakar wannan dabara. Kwana uku na zaman lafiya sun isa a ɗiga magani a baki, amma Penta sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14, ƙyanda kuma a wata na 9. Wannan sai da wanda ke zaune cikin jama'a, ungozoma ko ma'aikacin da ya san kowane gida kuma kowane ɓangare ya yarda da shi. Yardar nan ta fi firji wuyar gyara idan ta lalace. Bayan an gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan a 2011 wajen neman Usama bin Laden, an yi ta kashe masu rigakafi a Pakistan, da yawansu mata. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286 a 2016 yana la'antar kai hari kan asibitoci da ma'aikatansu, amma abin baƙin ciki, ba a daina ba.

Tambaya daga wani magidanci da rikici ya raba da gidansa: Katin rigakafin jikata ya ɓata a hanyar gudu, yanzu shekararta biyu, kuma an tsallake mata wasu allurai. Lokaci ya ƙure ke nan?

Amsa: Baba, Allah Ya mayar muku da alheri. Lokaci bai ƙure ba. Ku kai ta cibiyar lafiya mafi kusa, ku faɗi abin da kuka tuna, ma'aikata za su ɗora daga inda aka tsaya, domin jinkiri ba ya soke allurar da aka riga aka yi. Idan babu wanda ya tuna, za su ba ta abin da ya dace da shekarunta, kuma maimaita allura ya fi barinta babu kariya. Mura ko ɗan zazzaɓi mai sauƙi ba sa hana a yi mata. Ku roƙi a fara duba batun ƙyanda, musamman idan kuna cikin cunkoso, sannan ku ɗauki hoton sabon katin da waya ku adana.