Bututun gidan abinci da kwatar bakin titi

Wata Hajiya mai gidan abinci a wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina ta aiko da tambaya. Ciniki ya buɗe, ta kama shagon da ke kusa da nata haya, tana son ta faɗaɗa kicin ta kuma yi wa masu cin abinci banɗaki. Maginin da ta kira ya kawo mata farashi biyu. Na farko, a haƙa sokawe a bayan shago. Na biyu, a ja bututu ɗaya daga kicin da banɗakin a zura shi cikin kwatar bakin titi, kuma wannan bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin na farkon ba. Ta ce ɗanta da ke Abuja ya gaya mata su can bututun gwamnati suke haɗawa da shi. To ita wa za ta biya a haɗa mata?

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ɗanki bai yi ƙarya ba, amma maganar Abuja yake yi. A unguwannin tsakiyar birnin tarayya akwai manyan bututu a ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ruwan banɗaki zuwa matatar Wupa, hukumar kare muhalli ta Abuja ce ke kula da su, kuma masu gidaje suna biyan kuɗin hidimar. Mu nan Katsina ba mu da irin wannan. Kwatar da ke ƙofar shagonki ta ruwan sama ce, an gina ta don ta raba titi da ruwan damina ta kai shi rafi irin su Ginzo. Babu matata a ƙarshenta. Abin da kika zuba mata, ko dai ya kwanta a nan gabanki, ko ya gangara ƙofar wani. Saboda haka babu ofishin da zai karɓi kuɗinki ya ba ki izinin zura bututun banɗaki a cikinta, kuma duk wanda ya ce zai samo miki irin wannan takarda, ki riƙe jakarki da kyau.

Doka ma ta hana. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin tsabtar muhalli na 2009 da suka haramta zuba ƙazanta a magudanan ruwa, a jiha kuma akwai hukumar kare muhalli ta SEPA da duba-garin ƙaramar hukuma. Yadda suke yi sananne ne: takardar gargaɗi da wa'adi, in ba a gyara ba sai kotu da tara, mai sayar da abinci kuwa ana iya rufe masa wuri. Amma ni ba duba-gari nake jiye miki ba, don yana iya yin wata shida bai biyo layinku ba. Hancin masu ciniki nake jiye miki. Damina a nan wata huɗu ce in ta yi kyau. Sauran wata takwas babu ruwan da zai tura komai, sai rana ta dafa abin da ke cikin kwata. Ma'aikacin da ya fito cin shinkafa da rana ba zai yi miki ƙorafi ba, zai dai canza wuri ne, ba za ki ma san dalili ba. Kuma ba a manta amai da gudawar 2021 ba, da Katsina ta kasance cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ran da aka ce wani ya kwanta bayan ya ci a wurinki, ko ba ke ce sila ba, kwatar nan za a nuna.

Sai dai ko farashin farko na maginin akwai gyara a ciki, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Kada ki yarda a haɗa ruwan kicin da na banɗaki a rami ɗaya kai tsaye. Ruwan wanke-wanken gidan abinci cike yake da maiƙo, manja da man gyaɗa da kitsen nama. Yana fita da ɗumi kamar ruwa, in ya huce sai ya daskare a cikin bututu, ya kuma shafe bangon sokawe har ƙasa ta daina tsotsa. Ramin da ya kamata ya yi shekaru sai ya cika cikin watanni, ki yi ta kiran motar yasa kina biya. Maganinsa ɗan ƙaramin rami ne mai murfi tsakanin wurin wanke-wanke da sokawe, a raba shi gida biyu. Maiƙo ya taso sama, guntun abinci ya nutse ƙasa, bututun fita ya ɗebi ruwa daga tsakiya. Bulo kaɗan ne da siminti. Ki sa yarinya ɗaya ta riƙa kwashe maiƙon duk mako, a kuma share kwanuka cikin bokiti kafin a kai su ruwa. Ragowar abincin nan masu kiwo na so.

Ki kuma duba ko akwai rijiya ko burtsatse a kusa. Ƙasarmu rairayi ce, tana shan ruwa da sauri, wannan ya yi wa sokawe daɗi amma bai yi wa rijiyar maƙwabci ba. Tazarar da ake ba da shawara mita 30 ce. In filin bai kai ba, a gina rami mai siminti ciki da bai, wanda ba ya yoyo, ki sa kuɗin yasa cikin lissafin kowane wata kamar kuɗin gawayi.

Yanzu maganar wa zai biya. Ke 'yar haya ce, ramin kuwa ba a tashi da shi. Kafin a sa diga a ƙasa ki zauna da mai shagon, ku rubuta cewa ya amince da aikin, kuma za a riƙa cire kuɗin daga haya, ko duka ko rabi, cikin shekara biyu ko uku. A sa hannu gaban shaidu, da mai unguwa in da hali. Na sha ganin wanda ya gyara wuri da kuɗinsa, shekara na zagayowa aka ƙara masa haya saboda shagon ya zama mai banɗaki. Izinin ƙarin gini daga hukumar tsara birane ma da sunan mai wurin ya kamata a nema, ba naki ba.

In jarin ba zai ɗauki duka yanzu ba, ki fara da ramin maiƙo da sokawen kicin, tunda da su ake girki. Banɗakin ya jira bayan sallah, lokacin da kika ga abin da sabon shagon ke kawowa.