Pad ɗin Roland a kan modul ɗin Yamaha, zai yi?

Ƙanena, ka ce cocinku sun samo modul ɗin Yamaha, wato akwatin da ke sarrafa gangunan lantarki, tokumbo daga kasuwar Alaba ta Legas, pad ɗin da kuke da su kuma, wato faifan da ake bugawa, na Roland ne da Alesis, wai ko za su zauna tare. Za su zauna, amma ba duka ba.

Ka kwance pad ɗaya ka leƙa cikinsa, za ka ga ɗan faifai siriri kamar kwabo da wayoyi biyu a jikinsa, shi ne fiyezo. Babu sauti a ciki ko kaɗan, in ka buga 'yar wuta kawai yake turawa ta jak, modul ne ke fitar da ƙarar ganga. Shi ya sa kik (gangar ƙafa) da tom masu wurin bugu ɗaya ba su da rigima, ka jona kawai ka shiga saiti, in kik na amsawa sau biyu ka ƙara reject time (Roland na ce masa mask time), wato ɗan lokacin da modul ke ƙin karɓar wani bugu bayan na farko, in tom na kuka alhali na kusa da shi ka buga, saitin crosstalk za ka taɓa, shi ke hana girgizar wani pad tayar da na kusa da shi.

Inda wahalar take shi ne pad mai wuri biyu ko uku. Sinya (gangar snare) ɗin Roland mai fatar raga fiyezo biyu gare shi, ɗaya na tsakiya ɗaya na baki, su kuwa Yamaha yawanci fiyezo ɗaya suke sawa da suwic, to sai ka ga tsakiya na amsawa lafiya lau bakin kuma shiru, kai ka ɗauka ya lalace alhali modul ɗin ne bai gane saƙon ba. Simbal ɗin ride ma haka, na Roland mai wuri uku waya biyu yake ci, na Yamaha ɗaya. Kuma ka tabbata wayarka siteriyo ce mai zobe biyu a kan jak, mono ba za ta kai saƙon baki ba.

Hayhat kam, wato simbal ɗin da ake buɗewa da rufewa da feda, kar ka wahalar da kanka wallahi, fedar ta zama ta kamfani ɗaya da modul, don kowa da yadda yake auna buɗewa da rufewa, kuma mai kiɗa a nan yake fara jin kayan ba daidai suke ba ranar Lahadi. Pad ɗin dijital na Roland masu USB irin PD-140DS ba sa hawa kan Yamaha sam.

Abin da na fi ji maka tsoro adafta ce. Ƙananan modul ɗin Roland da yawa bolt 9 suke ci, na Yamaha 12, ga shi wutar a juye take a bakin filogin, kuskure ɗaya bod ya ƙone. Ka karanta rubutun bayan modul ɗin kafin ka je kasuwar Taminus sayen adafta, in ya goge ka kawo min shi shago mu auna da mita.