Tun da na haihu munanan tunani suke zo min game da Allah: shin na yi ridda, kuma ya halatta in sha maganin likita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce, watana huɗu da haihuwa. Tun bayan suna na fara jin faɗuwar gaba ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace min, kullum gani nake jaririn mutuwa zai yi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wasu maganganu game da Allah da ke faɗo min a zuciya, musamman in na kabbara sallah, waɗanda bakina ba zai iya furtawa ba. Duk sanda suka zo sai jikina ya ɗau rawa in fashe da kuka, in yanke sallar in sake kalmar shahada, wani lokaci har wanka nake sakewa. Likita ya rubuta min magani, amma wani malami da surukata ta kai ni wurinsa ya ce mumini ba ya shiga damuwa, raunin imani ne, shan ƙwayar kuma rashin tawakkali ne. Shin na yi ridda? Aurena yana nan? In sha maganin ko in bari?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba ki lafiya.

'Yata, ba ki yi ridda ba, aurenki yana nan daram, kuma shan maganin halal ne. Na fara da wannan ne don ki sauke numfashi kafin ki karanta sauran.

Amsarki tana cikin tambayarki, inda kika ce jikinki yana rawa kina kuka. Da a ce tunanin nan daɗi yake miki, kina kiransa da kanki, kina ƙulla zuciya a kansa, da maganata ta zama daban. Amma ke kutsowa yake yi, kina ƙinsa, kina gudunsa. Wannan waswasi ne, kuma malamai ba su yi saɓani ba cewa ba a kama bawa da shi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) irin kukan nan naki, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Abin nufi, kamar yadda Imamu Nawawi ya bayyana, girman da abin ya yi musu da tsoron furta shi, shi ne shaidar imanin. A ruwayar Abu Dawud, wani mutum cewa ya yi gara ya ƙone ya zama gawayi da ya faɗi abin da yake ji. Annabi (SAW) bai ce masa ya sake shahada ba, bai ce ya je ya yi wanka ba. Kabbara ya yi, ya gode wa Allah da ya mayar da makircin Shaiɗan ya tsaya a waswasi. Tunda babu ridda, batun igiyar aure bai ma taso ba.

Abin da zan hana ki shi ne abin da kike yi kina zaton shi ne maganin waswasin. Daga yau kada ki ƙara yanke sallah, kada ki ƙara wankan nan, kada ki maimaita shahada da niyyar komawa Musulunci. Faɗin La'ilaha illallah a matsayin zikiri alheri ne ko da yaushe, amma faɗinsa don wanke wata riddar da ba ta auku ba ciyar da waswasi ne. Za ki ji sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da ƙarfi, don kin nuna masa ana sauraronsa. Malamanmu na Malikiyya sun ware wa mai irin wannan hali hukunci na daban. A cikin Risala, wanda kokwanto ya aura a sallah, wato yake zo masa kullum, an ce ya kau da kai daga gare shi, ba ya gyara komai, sai dai ya yi sujadar ba'adi. Ke ma ki kau da kai. In tunanin ya zo, ki yi a'uziyya sau ɗaya, ki ci gaba da Fatiharki, ko da hawaye na zuba. Sallar ta yi. Kwanakin farko za su yi miki nauyi, za ki ji kamar kina saɓo ne, amma ki daure, haka yake raguwa.

Sai maganar malamin da aka kai ki wurinsa. Ina kyautata masa zato, amma maganarsa kuskure ce, kuma kuskure mai cutarwa, don haka zan tsaya a kanta.

Da a ce damuwa da tsoro alamar raunin imani ne, me za mu ce da Annabi Yakubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf? Me za mu ce da mahaifiyar Annabi Musa, wadda Allah ya ce a Suratul Ƙasas zuciyarta ta wayi gari wayam saboda jaririnta, har ta kusa tona asiri ba don Allah ya ɗaure mata zuciya ba? Ki duba Nana Maryam, wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya. Da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin mantawa. Ba a ce mata ina imaninki ba. An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa nan a ƙarƙashinki, ki girgiza dabino, ki ci, ki sha, ki sanyaya ido. Lallashi aka yi mata, aka ba ta abinci da ruwa. Mai jego da ta zo da kuka, haka ya kamata a tarbe ta.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da ayar da ta ce waliyyan Allah babu tsoro a kansu kuma ba za su yi baƙin ciki ba. Da yawa daga malaman tafsiri sun fassara ta da abin da ke gabansu na lahira da abin da suka bari a duniya. In aka ce ma'anarta ba sa jin tsoro a nan duniya ko kaɗan, to an fitar da Annabi Musa daga waliyyai ke nan, alhali Alƙur'ani ya ce ya ji tsoro a ransa ranar karawa da matsafa. Sukan kuma kawo ayar Suratur Ra'adi, cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Gaskiya ne, babu shakka. Amma Alƙur'ani waraka ne kuma, sai dai babu wanda ya ce mai zazzaɓin cizon sauro da ya yi tilawa bai warke ba imaninsa ne ya yi rauni. Sannan ga hadisin Bukhari da Muslim da ya jera damuwa da baƙin ciki tare da gajiya, da ciwo, da sukar ƙaya, ya ce duk kaffara ne ga Musulmi. Yaya abin da ake kankare zunubi da shi zai zama shi ne zunubin?

Na yarda akwai ƙuncin da saɓo ke jawowa, maganinsa tuba. Amma mace mai kuka don tsoron ta saɓa wa Ubangijinta, wadda ciwonta ya fara mako guda bayan haihuwa, ba ta cikin wannan sahun.

Batun tawakkali kuwa, shugaban masu tawakkali (SAW) ya yi ƙaho, ya ce ku nemi magani bayin Allah. Hadisin mutum dubu 70 da za su shiga Aljanna ba hisabi, wanda ake yawan jawowa, bai ambaci shan magani ba. Neman a yi wa mutum tofi ya ambata, da lalas, da camfi. Ga kuma abin da ya fi kusa da matsalarki: Nana A'isha takan sa a dafa talbina in an yi rasuwa, wani abin sha ne mai kama da kunu, na garin sha'ir, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa yana hutar da zuciyar mara lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ke nan abin da ya shiga ciki yana iya rage abin da ke zuciya, da nassin hadisi. Wani malami mutumin Balkh, a ƙasar Afghanistan ta yau, mai suna Abu Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke tasowa haka kawai daga jiki, ya ce na biyun yana buƙatar a yi wa jikin magani. Musulmi ba yau suka san wannan ba.

Don haka ki koma wurin likitanki. Ki tabbatar ya san kina shayarwa, ki nemi a duba jininki, don ƙarancin jini bayan haihuwa shi ma yana sa bugun zuciya. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kada ki yi kwana uku ki ce ba sa yi, kuma kada ki yanke su dare ɗaya ba da saninsa ba. Ki guji maganin barci na kemis da wata za ta ce ya yi mata aiki. Mata da yawa ta wannan ƙofar suka faɗa shan kodin da tiramol. Idan aka tura ki asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, kada ki ɗauka an ce kin haukace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A taron sunan da aka yi miki, da wuya a ce babu wadda ta taɓa shiga abin da kike ciki ta yi shiru.

Ruƙiyya ki yi wa kanki: Fatiha, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafin hannu ki shafe jikinki lokacin kwanciya, tare da azkar ɗin safe da yamma daidai ƙarfinki. Duk wanda zai keɓe da ke ba muharrami, ko ya ɗaga miki bulala da sunan korar aljani, ko ya shaƙa miki hayaƙi har ki fita hayyacinki, kada ki koma wurinsa. Surukarki kuwa ƙauna ce ta sa ta kai ki. Ki gode mata, kada ki yi jayayya da ita, ki bar maigidanki ya yi mata bayani.

Shi ma maigidan ki karanta masa wannan. Ɗana, lokacin da Annabi (SAW) ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi, Nana Khadija lulluɓe shi ta yi har tsoron ya tafi, sannan ta lissafa masa alheransa, ta kai shi wurin Waraƙa. Ka yi wa iyalinka haka. Kuɗin magani da na mota ka ɗauke su da daɗin rai, ka samo wata daga dangi ta riƙa karɓar jaririn wani sashe na dare, don mace ba ta warkewa da barcin awa biyu. Kada kuma ka matsa mata sai ta faɗa maka abin da ke zo mata a zuciya.

Akwai abu ɗaya da ba a jira da shi, 'yata. Idan kika ji kina son halaka kanki, ko kika fara jin muryoyi suna ba ki umarni, ko kika yi kwanaki ba ki runtsa ba kuma ba kya jin barcin, ki faɗa wa maigidanki ko mahaifiyarki a ranar, a kai ki asibiti a ranar, a bar jaririn hannun wata kafin ki dawo.

Wallahu a'alam.