Amsa ga mai tambaya kan karin maganar Japanawa ta sakar wa abokin faɗa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ci karo da karin maganar Japanawa "makeru ga kachi", wato wanda ya yarda aka kayar da shi shi ne ya ci riba, kana tambaya ko ba ragwanci ba ne aka yi wa ado, ganin cewa yanzu haka kuna ja-in-ja da abokin cinikinka kan kuɗin dako. Na daɗe ina sayo motoci na hannu daga Japan, bari in faɗa maka abin da na gani.

Maganar ba sabuwa ba ce a wurinsu. Tana cikin katin wasan yara na iroha karuta na birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, inda kowane harafi yake da karin maganarsa, saboda haka yaro yakan haddace ta tun bai san zafin gardama ba.

Akwai wani dillali da nake hulɗa da shi a Nagoya. Wata mota ta iso mini da lotsewa a ƙofa da fasasshiyar fitila, alhali takardar gwanjo da hotunan da ya ɗauka kafin lodi sun nuna ta lafiya lau. Da ya so, cewa zai yi a jirgi abin ya faru, ba ruwansa, kuma ba ni da hujjar da zan kama shi da ita. Sai ya ba ni haƙuri, ya cire kuɗin gyaran daga cinikinmu na gaba. Tun daga nan ban sake neman wani dillali ba, kuma duk wanda ya tambaye ni a kasuwa wurinsa nake turawa. Amma ga abin lura: wannan mutumin bai taɓa yarda ya loda mini mota ban biya ba, duk irin magiyar da zan yi. Ya san abin da zai saki, ya san abin da ko ana ha-maza-ha-mata ba zai saki ba. A ganina hikimar duk a nan take.

Tarihinsu ma ya nuna haka. A 1868 rundunar Sarkin Japan ta doshi Edo, birnin da ke da mutum wajen miliyan ɗaya, an har sa ranar kai hari. Katsu Kaishu, wakilin gidan Tokugawa da ya daɗe yana riƙe da mulkin ƙasar, ya zauna da Saigo Takamori, kwamandan ɗaya ɓangaren, suka daidaita aka miƙa fadar ba tare da yaƙi ba. Mulkin fiye da shekara 260 ya tafi, amma ba a ƙone birnin ba, shi ne ya zama Tokyo a wannan shekarar. Shugaban Tokugawa na ƙarshe, Yoshinobu, ya rayu har 1913, gwamnatin da ta karɓe masa mulki ma ta ba shi babbar sarauta a 1902. Mutanen yankin Aizu kuwa, magoya bayan Tokugawa da suka tsaya yaƙi, wata guda aka yi ana ragargazar ganuwarsu, daga baya aka kwashe da yawansu zuwa can ƙuryar arewa mai tsananin sanyi da yunwa. Ba na raina jarumtarsu, wallahi labarinsu akwai ban tausayi. Sai dai Katsu ya auna, ya ga rayukan talakawan birni sun fi fada daraja. Mu ma ai muna cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

To amma kada wani ya fake da wannan magana ya danne mai rauni. Su kansu Japanawa suna da suna na daban ga wanda aka zalunta ya haɗiye ya kwana da kuka, "nakineiri", kuma ba yabo ba ne. Gadon marayu, albashin ma'aikaci, matar da ake duka a ɗakinta, waɗannan ba wurin "ka bar masa" ba ne. Raina yana ɓaci idan na ji ana ce wa irin waɗannan su yi haƙuri, shi kuwa azzalumin ba mai ce masa uffan.

Game da rigimarka, ka zauna ka lissafa kuɗin dakon nan, ka kwatanta shi da ribar da kuke samu tare a shekara. Idan ƙarami ne, kuma mutumin bai saba cin amanarka ba, ka biya da sakin fuska, kada ka riƙa yi masa gori daga baya, don gorin zai cinye ribar sakin. Sannan a zaman nan ku rubuta wanda dako zai riƙa hawa kansa nan gaba, a gaban shaidu biyu. Idan kuwa wannan ne karo na uku ko na huɗu da yake yi maka haka, ka kai maganar gaban shugaban kasuwarku a raba muku.