Amsa kan tsohon hoton Dutsen Kwatarkwashi

Malam, ka tambaya yadda za ka gane shekarun hoton Dutsen Kwatarkwashi da kasuwar gindinsa da ka samu a kayan marigayi kakanka, Allah ya ji ƙansa.

Da farko ka dubi sararin sama. Idan ya fito fari fat babu gajimare, dutsen kuma ya yi duhu, wannan alama ce ta farantin ɗaukar hoto na gilashi da fim na farkon ƙarni na 20, waɗanda launin shuɗi ke saurin kamawa, ja kuwa ya fito kusan baƙi, shi ya sa ginin jar ƙasa yake fitowa da duhu fiye da yadda ido ke ganinsa. Sannan ka lura da mutanen kasuwar: mai tallan da ta juya kai ko jakin da ya motsa sukan fito dishi-dishi, domin kyamarar tana buƙatar a tsaya cik.

Da yawa daga cikin irin waɗannan hotuna jami'an mulkin mallaka ne suka ɗauka bayan cin Sakkwato a 1903, kuma a ganina sun fi sha'awar dutse da ganuwa fiye da sunayen mutanen da ke gabansu. Idan ka ga rufin kwano ko tarin buhunan gyaɗa, mai yiwuwa hoton ya biyo bayan isar layin dogo Ƙaura Namoda a 1929.

Ka duba bayan hoton ko akwai rubutu ko hatimi, ka kwatanta shi da hotunan Gidan Arewa, cibiyar adana kayan tarihi a Kaduna. Kada ka liƙa masa leda mai zafi. Ka ajiye shi cikin takarda, nesa da danshin damina.