Me ya sa ake kashe awaki da ɓeraye a tsibirai?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo wai akwai tsibiran da ake bi da jirgi mai saukar ungulu ana harbe awaki, ana watsa maganin ɓera, don a ceci tsuntsaye da kunkuru. Ita akuyar ba halittar Allah ba ce? Daga wani mai karatu a Ɗorayi, Kano.

Amsa: Malam, tambayarka ta mai tausayi ce, ni ma ganin akuya a harbe ba ya yi mini daɗi. Amma bari mu fara duba yadda tsibiri yake.

Tsibirin da ke can tsakiyar teku, ba mai isa gare shi sai mai fiffike ko abin da ruwa ya kwaso. Don haka tsuntsayen wurin sun yi dubban shekaru ba su san kyanwa ba, ba su san ɓera ba. Wasu a ƙasa suke saka ƙwai, wasu ma sun daina tashi. Dubi kazar gidanka: da ta hango inuwar shirwa sai ta yi ƙara, 'yan tsaki su ruga su ɓuya. Tsuntsun tsibiri bai gaji wannan tsoron ba. Ɓera na cin ɗansa, shi yana tsaye yana kallo.

Haka ta faru da tsuntsun nan dodo (ba na tatsuniya ba) a tsibirin Morishiyos da ke tekun Indiya. Turawan Holan sun sauka can a 1598, jiragen ruwa suka shigo da aladu da ɓeraye masu fasa ƙwansa, mutane kuma suna farauta. Bayan 1662 ba a ƙara samun tabbacin ganinsa ba.

Batun awaki kuwa, ɗauki tsibirin Pinta a Galapagos, tarin tsibiran ƙasar Ekwado da ke tekun Pasifik. A 1959 masunta suka saki awaki uku kacal. Zuwa 1970 sun kai wajen 40,000. Duk Bakano ya san abin da akuya ke yi wa dashen da ba a yi wa shinge ba, to ka ƙiyasta dubu arba'in babu makiyayi. Suka cinye ganye, suka ɓare ɓawon itatuwa, ƙasa ta zaizaye. Manyan kunkurun wurin, da ma matuƙa jirgin ruwa sun daɗe suna kwasarsu suna ci, na ƙarshensu ya mutu a 2012.

A nan nake ganin amsarka take. Akuya tana ko'ina a duniya, amma wancan kunkuru a Pinta kaɗai Allah Ya ajiye shi. Akuyar ba ta da laifi, mu muka kai ta, gyaran kuma a wuyanmu yake. Kamawa ɗaya bayan ɗaya ba ta yiwuwa a cikin duwatsu masu kaifi, kuma in aka bar mace da namiji, aikin ya koma baya.

Sai dai gyaran yana son lissafi. A tsibirin Makwari na Ostireliya an kawar da kyanwoyi a shekarar 2000, sai zomayen da kyanwoyin ke ci suka yi yawa suka aske ciyawar tsibirin. Dole aka sake sabon aiki, sai a 2014 aka tabbatar babu zomo babu ɓera. A tsibirin Jojiya ta Kudu da ke kudancin tekun Atlantika an kammala aikin kawar da ɓeraye a 2018, tsuntsaye suka koma sheƙa inda suka ƙaurace wa. A Morishiyos ɗin ma, wani irin ƙaramin shaho da ya rage guda 4 a 1974 yanzu ana ƙirga shi da ɗaruruwa.

Mu ba mu da teku, amma abin bai yi mana nisa ba. Dajin da gonaki suka kewaye ta kowane ɓangare, kamar Falgore, kusan tsibiri ne ga namun cikinsa. Kuma unguwarku daga ɗorawa ta samo suna, kamar yadda Kurna da Gawuna suka samo daga itatuwansu. Ɗorawa nawa ta rage a Ɗorayi? Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya ba mu inuwa, ba na raina shi, amma ba ya ba da kalwa, ba ya ciyar da dabba da rani kamar gawo. In za ka yi dashe da daminar nan, ka nemi ɗorawa ko kanya ko tsamiya, ka kewaye ta da ƙaya ko tubali har ta fi ƙarfin bakin akuya.